Teburin Lissafi na Sarkin Ingila: Binciken Kuɗi da Koyarwa ta Hanyar Tambaya da Amsa

Gabatarwa

A ikilisiyoyinmu da yawa, ranar rahoton kuɗi rana ce ta ɗaure fuska. Ma'aji ya tashi ya karanta lambobi da sauri, shugaban taro ya ce, "Akwai mai tambaya?" Kowa ya sunkuyar da kai. Da an tashi kuwa, sai tambayoyin su fito a gindin bishiya da kan hanyar gida, inda babu mai amsa su. Haka ma yakan faru a ajin baftisma da nazarin Littafi Mai Tsarki: malami ya yi ta magana, ɗalibai su yi ta gyaɗa kai, a rabu ba a san wanda ya gane ba.

A wannan darasi za mu koma ƙasar Ingila ta ƙarni na 12, mu duba wani ma'aikacin ikilisiya wanda ya riƙe baitulmalin sarki, ya kuma rubuta littafi don koya wa na baya yadda ake binciken kuɗi. Tarihinsa zai nuna mana cewa binciken kuɗi da koyarwa hanyarsu ɗaya ce: a yi tambaya a fili, a ba da amsa a fili, a gaban mutanen da ke iya bin maganar.

Mutumin da zamaninsa

Sunansa Richard ɗan Nigel. An haife shi wajen shekara ta 1130, a gidan da aikin baitulmali ya zama kamar gado. Roger, bishop na Salisbury, shi ne ya tsara ofishin binciken kuɗin sarki a zamanin Sarki Henry na Ɗaya. Nigel, ɗan ɗan'uwan Roger, ya yi aikin ma'aji a ƙarƙashinsa, daga baya ya zama bishop na Ely. Wannan Nigel shi ne mahaifin Richard.

Da Henry na Ɗaya ya rasu a 1135, sai rikicin gadon sarauta ya tashi. A 1139 Sarki Stephen ya kama Roger, ƙasa ta faɗa cikin yaƙin basasa na shekaru masu yawa, aikin binciken kuɗi ya lalace. Da Henry na Biyu ya hau gado a 1154, sai ya tarar waɗanda suka san tsohon tsarin sun ragu ƙwarai. Dole aka kirawo Nigel ya farfaɗo da shi. Ba da jimawa ba ɗansa Richard ya zama ma'ajin sarki, ya riƙe wannan aiki kusan shekara 40. A 1189 aka naɗa shi bishop na Landan, ya rasu a 1198.

Saboda haka Richard ya ga da idonsa abin da kan faru idan sanin aiki ya tsaya a kawunan mutum biyu ko uku. Wajen shekara ta 1177 ya fara rubuta littafinsa da harshen Latin. Sunan littafin, in an juya shi da Hausa, shi ne Tattaunawa a kan Baitulmali. Daga cikinsa ne masana tarihi suka sami yawancin abin da suka sani game da wannan ofis.

Yadda ake yin binciken

An raba Ingila gunduma gunduma, kowace da wakilin sarki mai tara masa kuɗi. A nan za mu kira shi hakimi, don aikinsa ya yi kama da na hakiman ƙasarmu. Shi ke karɓar kuɗin gonakin sarki, da tarar da alƙalai suka ci mutane, da basussukan da sarki ke bi. Sau biyu a shekara ake aika masa da sammaci. Lokacin Ista ya zo ya biya wani kashi, a duba inda aka kwana. Sa'an nan a ƙarshen Satumba, bayan idin Mala'ika Mika'ilu na ranar 29 ga wata, ya zo a yi masa cikakken bincike. Galibi a Westminster ake zaman. Kuɗin da ake lissafi da su su ne fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, irin lissafin da aka yi amfani da shi a Nijeriya kafin naira ta fito a 1973.

Ofishin hawa biyu ne. Na ƙasa shi ke karɓar kuɗi, ya ƙirga, ya ajiye. Na sama shi ke bincike da yanke hukunci. Bari mu duba abubuwa biyar da suka riƙe wannan tsari.

Na ɗaya, teburin. Tsawonsa wajen ƙafa 10, faɗinsa ƙafa 5, an yi masa baki kewaye don kada wani abu ya gangaro. An shimfiɗa masa baƙin mayafi mai zane-zanen layuka, har ya yi kama da allon wasan dara na Turawa, daga nan ma ofishin ya sami sunansa. Layi na farko daga dama na kwabo ne, sai na sule, sai na fam, sai na fam 20, na 100, na 1,000, da na 10,000. Mai lissafi yakan zauna a tsakiyar gefe ɗaya inda kowa zai ga hannunsa. Ya jera 'ya'yan lissafi a sama daidai da abin da ake bin hakimi, ya jera waɗansu a ƙasa daidai da abin da ya biya, sa'an nan a kwashe na sama da na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage a kan mayafin shi ne bashi. A lokacin da lambobin Romawa ake rubutu, masu wuyar tarawa da ɗebewa, kuma ba kowane hakimi ne ya iya karatun Latin ba. Amma kowa na iya bin hannun mai lissafi da ido. Gani ya kori ji.

Na biyu, sandan shaida. In hakimi ya biya kuɗi, sai a ɗauki ɗan guntun itace a yi masa tsaga-tsaga a gefe. Tsagar fam 1,000 faɗin tafin hannu ce, ta fam 100 faɗin babban yatsa, ta fam 20 faɗin ƙaramin yatsa, ta fam ɗaya kamar ƙwayar sha'ir, ta kwabo kuwa kaifin wuƙa kawai. Sai a tsage sandan gida biyu a tsaye, yadda kowace tsaga za ta fito a ɓari biyun. Hakimi ya tafi da ɓari ɗaya, ofis ya riƙe ɗaya. Ran bincike sai a haɗa su. Wanda ya ƙara tsaga a nasa ɓarin, ko ya kankare wata, nan take asirinsa zai tonu.

Na uku, rubutu biyu. Magatakardan ma'aji yana rubuta lissafi a kan fata, kusa da shi kuma magatakardan wani babban jami'i yana kwafe kalma da kalma, wani mutum dabam yana duba su. A zamanin Richard har na uku aka ƙara, a hannun wani mai suna Thomas Brown wanda ya taɓa yi wa sarkin Sisili aiki. In magatakarda ya yi kuskure ba a yarda ya kankare ba, sai dai ya ja siririn layi ya rubuta daidai a gaba, don a ga abin da aka canja. Daga sunan wannan takarda ta biyu ne kalmar kwanturola ta samo asali.

Na huɗu, makullai. Kowane akwatin kuɗi yana da kwaɗo biyu iri dabam dabam, mabuɗin wannan ba ya buɗe wancan, kuma mutum biyu ne ke riƙe da su. Bayan haka a ɗaure akwatin da maɗauri a buga hatimin ma'aji. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai.

Na biyar, wuta. Kwabon zamanin na azurfa ne, waɗansu kuwa sun sha gauraye. Sai a cakuɗa kuɗin da hakimi ya kawo, a ɗebi sule 44, a narkar da fam ɗaya daga ciki, a auna tsantsar azurfar da ta rage. Abin da ya kasa, shi za a lissafa a kan kowane fam da ya kawo. Hakimin yana tsaye yana kallo, tare da waɗansu shaidu. In ya ga an yi masa ba daidai ba, yana da ikon neman a sake gwaji da sauran kuɗin.

Dukan wannan da baki ake yi. Ma'aji ya tambayi hakimi abu bayan abu, manyan ƙasa suna zaune suna sauraro kamar alƙalai. In hakimi ya ce ya kashe kuɗi wajen gyaran ganuwa bisa umarnin sarki, sai a ce ya kawo wasiƙar umarnin. A ƙarshe a rubuta ɗaya daga cikin biyu: ko ana binsa kaza, ko ya kuɓuta. Kalmar odita da muke faɗi yau daga kalmar Latin ta fito mai ma'anar ji, domin lissafi abin karantawa ne a ji. Mafi tsufa daga takardun da suka rage ta shekara ta 1130 ce, kuma daga wajen 1155 har zuwa 1832 kusan babu yankewa.

Ya kamata mu lura cewa tsarin nan ya tsare hakimi kamar yadda ya tsare sarki. Mutumin da aka rubuta masa cewa ya kuɓuta, ga ɓarin sandansa a hannu, ba mai sake tayar masa da maganar.

Yadda Richard ya koyar

Richard yana iya jera dokoki ɗaya bayan ɗaya ya rufe littafi. Maimakon haka sai ya tsara shi kamar hira tsakanin malami da ɗalibi. A farkon littafin malamin yana zaune a tagar wata hasumiya a bakin kogin Thames, sai ɗalibi ya zo ya matsa masa: me ya sa yake riƙe da wannan sani bai koya wa kowa ba, har ya mutu da shi? Malamin ya kawo uzuri, cewa zancen kuɗi ƙaramin abu ne, ba shi da kalmomi masu daɗi. Ɗalibin ya nuna masa cewa masu son zurfin magana suna da littattafan masana falsafa, shi abin da zai yi amfani yake nema. Daga nan hirar ta kama hanya.

Ɗalibin nan ba ɗan amshin shata ba ne. Yakan tsayar da malami ya ce bai gane ba. Yakan nemi dalilin wata al'ada, yakan nuna inda yake ganin maganar yanzu ta saɓa wa ta ɗazu, ko inda doka ta yi wa mutane tsanani. Malamin kuma yakan amsa da misali, ya bi teburin kujera kujera yana faɗin wanda ke zaune a nan da aikinsa. Mai karatu yakan tarar cewa tambayar da ke ransa, ɗalibin ya riga shi yi.

Richard ya gaji wannan hanya daga makarantun ikilisiya. Wajen shekara ta 400, Agustin ya rubuta wa wani dikon na Kartej shawara a kan koyar da masu neman shiga bangaskiya. Ya ce malami ya riƙa tambayar mai sauraro ko ya gane, ya ba shi zarafin faɗin abin da bai yarda da shi ba, in ya ga ya gaji ya ba shi wurin zama. Wajen shekara ta 1000, wani malamin zuhudu a Ingila mai suna Aelfric ya shirya hira don koya wa yara Latin, inda wannan yaro zai zama manomi, wancan makiyayi, wancan masunci, malami yana tambayar kowa game da sana'arsa. A 1098 Anselm na Canterbury ya gama littafinsa a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum, shi ma hira ce da almajirinsa Boso, wanda aka ba shi aikin kawo tambayoyi masu wuya. Abin da Richard ya ƙara shi ne, ya ɗauki hanyar da ake koyar da tauhidi ya koyar da lissafin kuɗi da ita. A gabatarwar littafin ma ya kare ma'aikatan ikilisiya masu irin wannan aiki, ya nuna cewa da kuɗi ake gina majami'u, da su ake ciyar da matalauta.

In mun ɗora littafin kusa da teburin, za mu ga kamanninsu. A teburin babba ne ke tambayar na ƙasa. A littafin na ƙasa ne ke tambayar babba. Ma'ajin da ya saba tsare hakimai da tambaya ya yarda shi ma a tsare shi.

Inda tsarin ya gaza

Kada mu ɗauka kome ya tafi daidai. Teburin yana amsa tambaya ɗaya ce: ko sarki ya sami abin da yake bi? Ba ya tambayar nawa hakimi ya tatsa daga talakawa kafin ya kawo na sarki. Mutum yana iya kuɓuta a Westminster alhali gundumarsa tana kuka da shi. A 1170 koke ya yi yawa, har Henry na Biyu ya aika da masu bincike gunduma gunduma, su rantsar da mutane su faɗi abin da hakimai da ma'aikatansu suka karɓa daga hannunsu. Bayan wannan bincike aka tuɓe yawancin hakiman. Abin da teburin bai gano ba, tambayar talakawa ta gano shi.

Na biyu, tarihin da aka rubuta a Ely ya ce Nigel ya biya sarki fam 400 kafin a ba ɗansa Richard aikin ma'aji. Ofishin da ke auna kowane kwabo da wuta, ga yadda aka sami shugabansa. Tsari mai kyau a kan tebur ba ya gyara hanyar da ake zaɓen masu zama kewaye da shi.

Na uku, al'adar ta daɗe har ta wuce amfaninta. An ci gaba da tsaga sanduna har 1826, ɗaruruwan shekaru bayan takarda da sababbin lambobi sun wadata. Ranar 16 ga Oktoba 1834 aka zuba tsofaffin sandunan cikin murhun da ke ƙarƙashin Majalisar Dattawa don a ƙone su. Wutar ta fi ƙarfin murhun, ta cinye yawancin ginin majalisar dokokin ƙasar. An riƙe sandunan bayan an daina tambayar amfaninsu.

Ikilisiya ta riga ta san wannan

Abin da muka gani a Ingila ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A 2 Sarakuna 12, firistoci sun yi shekaru suna karɓar kuɗi ba a gyara Haikali ba. Sai Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Waɗansu sukan kafa hujja da aya ta 15, inda ba a nemi lissafi daga masu lura da aikin ba saboda amincinsu. Amma mu tuna an riga an ƙirga kuɗin a gaban mutum biyu daga ofis biyu, aikin ginin kuma kowa yana ganinsa.

A Ezra 8, an auna azurfa da zinariya a bakin kogin Ahawa aka danƙa wa zaɓaɓɓun mutane, aka sake aunawa a Urushalima a gaban firistoci da Lawiyawa, aka rubuta nauyin. A 2 Korantiyawa 8:18-21, Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba. Ya tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyin da kansu suka zaɓa, don kada a sami abin zargi, gama yana so aikin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. A shekara ta 451 kuma, majalisar ikilisiya da ta zauna a Kalsidon ta kafa doka ta 26, cewa kowace ikilisiya mai bishop ta naɗa wakilin dukiya daga cikin ma'aikatanta, don kada a sarrafa kayan ikilisiya ba shaida.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, rahoton da jama'a ba su iya bi ba, ba a ba da shi ba tukuna. A cikin membobinmu akwai waɗanda ba su yi boko ba, amma suna lissafin buhunan hatsi da kuɗin adashi ba kuskure. Allo da alli sun isa su yi mana aikin baƙin mayafin nan: abin da ya shigo a gefe ɗaya, abin da ya fita a ɗaya gefen, a bi su a hankali da harshen da kowa ke ji.

Na biyu, a raba hannu. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko su sa hannu kafin a bar majami'a. Mai ajiya dabam, mai rubutu dabam, mai ba da izinin kashewa dabam. Kowane kuɗin da ya fita ya kasance da rasit da shaidar wanda ya ba da izini. Fasto ya nisanci riƙe kuɗin da kansa. Wannan kariya ce ga ma'aji da iyalinsa, domin mai aminci da ba a taɓa bincika ba, ba shi da abin da zai nuna ranar da aka zarge shi.

Na uku, masu bincike su tambayi na ƙasa. Littafi yana iya cewa an biya mai bishara na ƙauye albashinsa, ko an kai wa gwauraye taimako. A je a tambaye su.

Na huɗu, kada sanin aikin ya tsaya a kan mutum ɗaya. In ma'ajinmu ya yi shekara 20 ba wanda ya san yadda yake riƙe littafi, muna inda Ingila take kafin 1154. A zaunar da matasa biyu kusa da shi, a ba su rasit na gaske da tsohon littafi su gwada, su tambaye shi dalilin kowane layi.

Na biyar, jama'a sukan koyi yin tambaya a aji kafin su yi ta a taron kuɗi. In mun saba musu cewa mai ɗaga hannu a nazarin Littafi Mai Tsarki marar ladabi ne, kada mu yi mamaki in sun yi shiru ranar rahoto suka kai maganar waje. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai in wanda ya tambaya ya saki fuska. Mu da muke tsaye a gaban aji, mu ne za mu fara nuna cewa ana iya tambayarmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A cikin abubuwa biyar na baitulmalin Ingila, wanne ne ikilisiyarku take da makamancinsa, wanne ne kuma babu?

2. Me ya sa binciken 1170 ya gano abin da teburin bai gano ba? Su wane ne ya kamata masu bincikenku su je su tambaya?

3. Yaya za ka amsa wa dattijon da ya kafa hujja da 2 Sarakuna 12:15 ya ce bincike rashin yarda ne da ɗan'uwa?

4. Ku rabu biyu biyu. Ɗaya ya zama ma'aji, ɗaya ya zama memba da bai yi makaranta ba. Ma'aji ya bayyana rahoton wata ɗaya a kan allo, memba ya yi ta tambaya har sai ya iya maimaita shi da bakinsa.